Jirgin Kwal a Ƙasar Haɗeja

Daga Kano in an fuskanci gabas maso arewa, akwai wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa wadda ta bi ta Ringim da Taura da Gagarawa, ta shiga ƙasar Haɗeja ta Malam Madori, ta wuce Birniwa, ta je ta tuƙe a Nguru. Tsawonta mil 143 ne. An gama ta cikin shekarar 1930, zamanin Sarkin Haɗeja Usman, wanda ya yi sarauta daga 1925 zuwa 1950. Shekaru masu yawa jiragen kwal suna kai da komowa a kanta, suna tuƙa hayaƙi, suna kuka tun daga nesa, kafin su ɓace. Har wa yau akwai dattawa a garuruwan nan waɗanda in an ambaci jirgin kwal sai su yi ajiyar zuciya, su ce duniya ta yi daɗi a wancan zamani. Samari kuwa da suka yi karatu sukan amsa musu da cewa kwal shi ne ya fi kowane makamashi ɓata iska. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Amma kafin a raba gardama, ya kamata a san abin da jirgin nan ya ci, da abin da ya ɗauka, da irin sawun da ya bari a ƙasa.

Asalin jirgin ƙasa daga Ingila yake. Cikin shekarar 1825 wani Bature mai suna George Stephenson ya ja taragu da kan jirgi mai aiki da tururi tsakanin Stockton da Darlington, cikin 1830 kuma aka buɗe hanya tsakanin Liverpool da Manchester. Daga nan abin ya bazu cikin duniya. A Nijeriya an fara ne daga bakin teku, dogo ya tashi daga Ikko, watau Legas, ya kai Ibadan cikin 1901. A Arewa kuwa Gwamna Girouard, wanda dā ma aikin dogo shi ne sana'arsa, ya sa aka ja wata hanya daga Baro a bakin Kwara, ta bi ta Zariya, ta iso Kano cikin 1911. Aikin nan bai yiwu da sauƙi ba. Ta hannun sarakuna aka riƙa tara mutane daga ƙauyuka, waɗansu da yardarsu, waɗansu ala tilas, suna haƙa ƙasa da diga suna jida da kwando a ka. Irin wannan ɗauka ita ce talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna.

Sa'ad da dogo ya isa Kano, ba a daɗe da cin Haɗeja da yaƙi ba. Cikin watan Afrilu na 1906 ne sojan Turawa suka shiga birnin, aka kashe Sarki Muhammadu da manyan jarumawansa da yawa. Shekara 24 kacal bayan wannan, sai ga ƙarfe shimfiɗe a ƙasar. Tafiyar Kano wadda fatake ke shafe kusan mako guda suna yi da jakuna da takarkarai, ta koma ta yini ɗaya.

Wanda ya dubi taswira zai lura da wani abu. Dogon bai shiga birnin Haɗeja ba, ya bar shi wajen kudu maso gabas, tsakaninsa da tashar Malam Madori bai fi mil 15 ba. Tun daga Ringim hanyar ta riƙe tudu, ta bi jigawa ta arewacin kogi, ba ta sauka cikin fadama ba. Dalilin a fili yake ga wanda ya san ƙasar. Kogin Haɗeja, wanda ruwan Kano da na Challawa suka haɗu suka haifa, in ya zo nan sai ya sami shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rarrabu ƙorama ƙorama, da damina ya malale ya rufe fili iyakar ganin ido. Ƙarfe ba ya zama a kan irin wannan wuri sai da ciko mai yawa da gadoji masu tsada. Ga shi kuma abin da Turawa ke nema a tudun yake, watau gyaɗa, mai son ƙasa mai rairayi. Ta haka Malam Madori ta zama ƙofar Haɗeja, kantuna suka kafu, baƙi daga kudu suka zauna, kasuwa ta cika.

To, mene ne abincin jirgin nan? Kan jirgi in an bi asalinsa wata babbar tukunyar ƙarfe ce a kwance bisa ƙafafu, da murhu a gindinta. Akan cika ta da ruwa, a hura wuta da kwal, ruwa ya tafasa ya zama tururi. Da yake tukunyar a toshe take, tururin ba ya samun mafita sai ta wani bututu, inda yake tura wani ƙarfe gaba da baya, shi kuma ƙarfen ya juya ƙafafu. Mutum biyu ke kansa, direba da fayaman. Aikin fayaman shi ne ɗibar kwal da shebur yana jefawa cikin wuta tun daga tashi har sauka, cikin zafin bazara, gumi na zuba, fuska baƙi ƙirin. Jirgin yana da ci, yana kuma da sha. Don haka aka gina tankuna a tashoshi, aka haƙa rijiyoyi, domin a ƙasa irin ta Birniwa da rani samun ruwan da zai ƙosar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Duk da wannan ci nasa, masana sun auna sun ga in an kasa zafin kwal kashi 100, wanda ke juya ƙafa bai kai kashi 10 ba. Saura duk yakan bi iska.

Kwal ɗin kuwa ba a ƙasar Hausa ake samunsa ba. Da farko daga Ingila ake kawo shi cikin jirgin ruwa. Cikin 1909 aka gano shi a duwatsun Udi kusa da Inugu, cikin 1916 aka fara jidarsa ta dogo zuwa Fatakwal. Bayan an haɗa hanyar gabas da ta arewa, aka kuma gama gadar Makurɗi cikin 1932, sai ya zama kwal na tasowa daga Inugu, ya ƙetare Binuwai, ya bi ta Kafanchan da Kaduna da Zariya da Kano. Kafin gawayin nan ya ƙone a Malam Madori ya yi tafiyar da ta fi mil 600. Masu haƙo shi cikin rami suka fi kowa shan wuyarsa, ƙura na cin huhunsu. Ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sanda suka buɗe wuta a kan mahaƙa masu yajin aiki a ramin Iva, mutum 21 suka mutu. Wannan ma yana cikin kuɗin da aka biya kafin jirgi ya yi kuka a ƙasar Haɗeja, ko da yake manomin da ke jiransa a tasha bai sani ba.

Game da hayaƙi, abin da samari suka faɗa haka yake. Kowane tan ɗaya na kwal in ya ƙone yakan saki fiye da tan 2 na iskar nan da masana ke kira kabon, wadda in ta taru a sama take riƙe zafin rana, ta ɗumama duniya, ta rikita damina. Ban da ita akwai toka da baƙin ƙura, masu ɓata tufafin matafiya da shiga ido. Da kaka kuma, in ciyawa ta bushe, tartsatsin da ke fita daga bututun hayaƙi yakan ta da gobarar daji a gefen hanya. An ga iyakar sharrin hayaƙin kwal a birnin Landan cikin Disamba 1952, sa'ad da ya gauraya da hazo ya lulluɓe gari kwana biyar, aka ƙidaya mutum wajen 4,000 da suka mutu nan take. Wannan ya sa suka yi dokar tsabtace iska cikin 1956.

Amma kome sai an sa shi a ma'auni. A ƙarshen shekarun 1950, lokacin da haƙar kwal ta kai ƙololuwa a Inugu, abin da ake fitarwa a shekara bai cika tan miliyan 1 ba, shi ne kuma ke ciyar da jiragen Nijeriya duka da waɗansu gidajen wutar lantarki. A lokacin nan Ingila na haƙo fiye da tan miliyan 200 kowace shekara. Abin da ya ƙone tsakanin Kano da Nguru ɗan ƙanƙanen yanki ne cikin wancan ɗan kaɗan. Jirgi ya wuce, iska ta kwashe hayaƙi, kafin ya ɓace daga gani sama ta washe. Ko itatuwa ma ba a sare da yawa don shimfiɗar dogo ba, gama saboda gara galibin abin da aka gicciya ƙarƙashinsa na ƙarfe ne. In ana neman babban sawun da jirgi ya bari a ƙasar nan, sai a bar kallon bututunsa, a leƙa cikin taragunsa.

Turawa sun ja dogo zuwa Kano ne da tsammanin auduga za su samu don masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Cikin 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba, cikin 1913 ta haura tan 19,000. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu saye. Da dogo ya miƙa zuwa Nguru, sai ƙasashen Ringim da Gumel da Haɗeja suka shiga wannan harka gadan-gadan. Haraji da kuɗi ake biyansa, kuɗi kuwa a gyaɗa suke, saboda haka kowane magidanci ya ware mata gona. Da kaka jakuna da raƙuma su yi jerin gwano zuwa tasha, a ɗora a sikeli, a ɗinke buhuna. Bayan yaƙin duniya na biyu gyaɗa ta fi ƙarfin jiragen da ke akwai, aka rasa taragun kwashe ta, sai aka riƙa jera buhuna ana tayar da su sama kamar dutse. Dalar gyaɗa ke nan, wadda aka yi a Kano, aka kuma yi a Malam Madori. Mutane suna tunawa da ita a kan alamar arziki, haka ne kuwa, amma kuma alama ce ta kayan da suka rasa abin hawa.

Ƙasa ita ta ɗauki nauyin wannan arziki. Dā manomi yakan noma gona 'yan shekaru ya bar ta saura, ta huta, daji ya mayar mata da ƙarfi. Da gyaɗa ta yi kuɗi, jama'a kuma ta ƙaru, aka shiga sheme dazuzzuka, hutun gona ya gajarta, a waɗansu wurare ya ƙare ɗungum. Gyaɗa kuwa ba kamar gero take ba da ake yanke kai a bar tushe. Tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya, a kwashe 'ya'ya, a kwashe harawa don dabbobi, a bar rairayi a tone, tsirara, daidai lokacin da iskar hunturu ke tasowa. Ƙarfin ƙasar yana tafiya Turai cikin buhu, abin da ake mayar mata na taki bai kai abin da aka ɗiba ba. Makiyaya suka ga burtali na ƙuntata, garuruwan tasha kuma na girma suna neman itacen girki. Ba jirgi kaɗai ya jawo wannan ba, amma shi ya buɗe ƙofar kasuwar da ta sa aka yi.

Fadama ma ta ba da nata. Masunta na Haɗeja da na Bade sun sami hanyar kai bandar tarwaɗa da sauran kifi har kudu, banda kuwa sai da itace. Shanu da fatu da kiraga da ƙaro da kanwa suka riƙa hawa jirgi a Nguru da tashoshin da ke kan hanya, goro da gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi suna sauka. Duk da haka, a zamanin jirgin kwal kogi yana nan bisa al'adarsa. Ruwa ya zo da damina ya malale, kifi ya bi shi ya yi ƙwai cikin ciyawa, a shuka shinkafa. In ya janye a bi danshi a shuka wake da sauran amfanin rani, Fulani su sauko da shanu, tsuntsaye su zo daga Turai su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya. A ƙarshen shekarun 1960 filin da ruwa ke rufewa tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa ya fi murabba'in kilomita 2,000.

Mutuwar jirgin kwal a hankali ta zo. Cikin 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a wannan lokaci kuma aka fara shigo da kawunan jirgi masu shan man dizal, waɗanda ba su bukatar tanki a kowace tasha, ba su kuma ɓarnar makamashi kamar na kwal. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar Inugu, ramukan kwal suka tsaya, ruwa ya cika waɗansu. Bayan yaƙi abin bai sake komawa yadda yake ba, tsofaffin kawuna suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana jingine su.

Abin lura shi ne, cikin 'yan shekarun nan ne masifu suka taru wa ƙasar. Farin 1973 ya kashe dabbobi ya ƙone amfanin gona. Cikin 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano. Cikin 1975 cutar gyaɗa ta share gonaki, dala ta rushe ba ta sake tashi ba. Kuɗin man fetur suka shigo, aka malala kwalta, manyan motoci suka ƙwace kayan da jirgi ke ɗauka, harkar dogo ta yi ta ja da baya. Wani farin ya sake zuwa cikin 1983 da 1984, sa'an nan cikin 1992 aka gama madatsar Challawa. Cikin 1993 filin da ruwa ya rufe a fadamar bai kai murabba'in kilomita 500 ba. Da yake kuma madatsun suna sakin ruwa rani da damina, ƙoramun da dā kan bushe su huta suka daina bushewa, ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani gari ruwa ya ci gonakinsa, wani kuma ya rasa ko na ban ruwa. Cikin shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da ƙoramar Marma cikin jerin dausayin duniya da ake kiyayewa bisa yarjejeniyar Ramsar, amma ambaliya irin ta 2022, wadda ta ci garuruwa da gonaki a Jihar Jigawa, ta nuna aiki na nan gaba. Ɓarnar da aka yi wa fadama bayan tafiyar jirgin kwal ta fi wadda aka yi mata yana nan, nesa ba kusa ba.

Daga nan za a gane abin da dattawa ke bege. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Dattijon Malam Madori in yana labarin kukan jirgi da asuba, da 'yan talla masu rugawa tasha da ƙosai da dafaffen ƙwai, da yara masu ɗaga wa direba hannu, yana labarin zamanin da gyaɗarsa ke da mai saye, kifin Haɗeja ke da hanya, ruwa ke zuwa a kan kari. Da yake duk sun tafi kusan lokaci guda, sai zuciya ta ɗaure su wuri ɗaya, ta rataya su a wuyan abin da ya fi su ƙara da kwarjini. Akwai kuma abin da ke jikin jirgin kansa. Yana numfashi, yana huci, yana nishi in ya hau tudu, ana ganin gaɓoɓinsa na motsi, har mutum ya ɗauka mai rai ne. Shi ya sa aka riƙa raɗa musu suna, waɗansu da sunayen kogunan Nijeriya. Sai dai bege ba ya tuna ɗiban gwamna, ba ya tuna huhun mahaƙin Inugu, ba ya kuma tuna dajin da aka sheme.

Wannan bege ba a ƙasar Haɗeja kaɗai yake ba. A Ingila an daina jan jiragen gwamnati da kwal cikin Agusta 1968, amma tun 1951 waɗansu masu sha'awa suka karɓi wata 'yar hanya mai suna Talyllyn a ƙasar Wales suna tafiyar da ita da kansu, daga baya irinta suka yi yawa, mutane na biyan kuɗi su hau don tuna dā. Su ma yanzu suna cikin tsaka mai wuya. Cikin 2023 aka rufe ramin Ffos-y-fran inda suke samun kwal, cikin 2024 kuma Ingila ta kashe gidan wutar lantarkinta na ƙarshe mai aiki da kwal. Ƙasar da ta haifi jirgin ta koma sayo masa abinci daga waje. A Nijeriya, a Ebute Metta cikin Legas, an gyara wani tsohon gidan ma'aikatan dogo mai suna Jaekel House an mai da shi gidan tarihi, inda ake ajiye hotuna da kayan aikin zamanin.

Babu mai hankalin da zai ce a komo da jirgin kwal ya ɗauki kaya. Amma dogo daban, kwal daban. Ƙarfe a kan ƙarfe ya fi taya a kan kwalta sauƙin ja, don haka jirgi ɗaya na zamani yakan ɗauki kayan manyan motoci masu yawa da man da bai kai nasu ba, ba ya kuma farfasa titi. An buɗe sabon dogo tsakanin Abuja da Kaduna cikin 2016, da na Legas zuwa Ibadan cikin 2021, a wannan shekara kuma aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi. Ƙasar Haɗeja, mai shinkafa da alkama da riɗi da kifi, tana da kayan da za su cika taragu, tsohuwar hanyarta kuwa an riga an share ta tun 1930. In an raya ta, sai a tuna da darasin gyaɗa, a san cewa hanya mai sauƙi takan sa a ɗebi ƙasa fiye da ƙarfinta, a haɗa da dashen itatuwa, da kiyaye burtali, da sakin ruwan madatsu bisa lokacin da fadama ta saba. Tsofaffin tashoshi da tankuna da suka rage kuma ya kamata a tsare su kada 'yan gwangwan su sare, a rubuta abin da tsofaffin direbobi da leburori suka sani tun suna da rai, a ajiye wa 'yan makaranta, daɗinsa da wuyarsa duka. Allah Ya ba shugabanni ikon yi, Ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.